Tagwayen Bindigogin Baffa

Labari ya iso mini cewa ranar sunan jikar Sambo yaran gidana da yaran gidansa sun kusa ba hammata iska a kan bindiga, har wani marar kunya daga cikinsu ya ce tamu jabu ce, gara a kai wa maƙera su yi fartanya da ita. Ban yi mamaki ba. Ba ku san komai a kan bindigogin nan ba sai guntu-guntun da kuka tsinta a bakin mata, kuma cikin waɗanda suka ga abin da idonsu ni kaɗai na rage. Saboda haka zan ajiye labarin fataucina a gefe, in tsaya a shekarar da Baffa ya rasu, in warware muku maganar tun daga tushe.

Baffa, mahaifinmu ni da Sambo, Bafulatanin gida ne, haifaffen Katagum. Ya dawo Azare tare da jama'a lokacin da sarauta ta taso daga can. Yana da gona a hanyar Gadau, yana da 'yan shanu a hannun danginsa na daji, yana kuma da kunya irin wadda yanzu ko a ruga ba kasafai ake samunta ba. Ni ne ɗansa na fari, don haka tun da na buɗi ido ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana nemana sai ya ce a kira masa "wancan". In muka yi kiciɓis a zaure sai ya kau da kai ya shiga gyaran rawani, ko ya tambayi bango ko an ba doki ruwa. Kowa ya gaya mini haka al'ada take, kunyar ɗan fari ce, ba ƙiyayya ba. Na amsa da baki. Amma al'adar ba ta rufe mini ido ba. Ina ganin Sambo yana hawa buzun Baffa da ƙafa duk ƙasa, yana tsoma hannu a akushinsa, yana ja masa gemu, Baffa yana dariya. Kafin hantsi ya yi sai ka ji "Sambo" ya fi a ƙirga. Na yi kishin ƙanena tun yana rarrafe, kuma ba zan ɓoye muku ba, har na yi furfura ban daina ba.

Uwarmu ɗaya da shi. Inna ta rasu wajen haihuwarsa, ina ɗan yaro, ƙanwar Baffa, Goggo Dije, ita ta raine mu duka. Fuskar Inna ta ɓace mini tuntuni. Abin da ya rage mini hannuwanta ne kawai, sirara, suna dama mini fura. Ina tuna su ne saboda sun bambanta da na sauran matan gidan. Kowace mace in ta ɗaga taɓarya sai ka ji awarwaro suna kaɗawa, amma hannun Inna shiru yake, babu munduwa, babu ko zobe. Da nake yaro na ɗauka talauci ne, na kuma ƙara wannan a cikin laifuffukan da nake tara wa Baffa a zuciya.

Muka girma, kowa ya kama hanyarsa. Ni na shiga fataucin fata da kirgi, ina bin kasuwannin Gamawa da Gololo ina tarawa ina kaiwa Kano. Sambo kuwa aka sa shi boko. A lokacin mutane suna ɓoye 'ya'yansu kada a kai su, amma ni ko wannan sai da na yi ƙyashinsa, don Baffa da kansa ya raka shi har ƙofar makaranta. Ya fito ya zama malamin dabbobi, yana bin wani Bature ruga-ruga suna yi wa shanu allura, ga keke, ga wandon kaki. Ni ina shigowa gari ina warin jima, shi yana shigowa yana warin magani, mutane suna tashi suna gaishe shi.

To, bindigogin. Guda biyu ne, ƙanana, irin na hannu ɗaya, masu ƙyastu, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ƙotarsu baƙin itace ce da aka yi wa zanen azurfa kamar reshen kabewa. Suna zaune a cikin adudu a ɗakin Baffa, sau ɗaya a shekara bayan an gama girbi yakan fito da su ya shafa musu man shanu ya mayar. Duk gidan an san asalinsu. Ɗaya ta Kaka ce, mahaifin Baffa, ya karɓe ta a Kukawa hannun wani Balarabe da ya hauro da ita ta hamada, ya ba da doki a madadinta. Ɗayar kuwa kwaikwayo ce. Shekarar da Turawa suka shigo ƙasar nan an yi shela kowa ya kawo bindigarsa. Baffa yana saurayin magidanci, ya ga ba zai iya miƙa kayan ubansa ba, sai ya sa wani maƙeri a Katagum ya ƙera masa mai kama da ita a ɓoye, don ya ba da ta ƙarya ya riƙe ta gaskiya. Da ya kai, Baturen da ke karɓa ya juya ta ya yi dariya, ya ce dogayen bindigogi yake nema, ba kayan ado ba, ya mayar masa. Haka suka zama biyu. Matan gida suka sa musu suna Hassana da Usaina, ta Kaka ita ce Hassana tun da ita ta fara zuwa duniya.

Abin da babu wanda ya sani shi ne wace ce wace. Maƙerin ya daɗe da rasuwa, Baffa kuwa ba a yi masa irin wannan tambayar. In ka ajiye su gefe da gefe sai ka ga bambanci biyu. Ɗaya ta fi nauyi, azurfarta mai kauri ce, fara sol. Ɗayar azurfarta siririya ce, ta yi duhu, ta suɗe a wurin riƙo. Sannan kowace tana da ɗan rubutu a jikin ƙarfen da ke gefen ƙyastu, baƙaƙen Turawa, amma na ɗaya suna fuskantar nan, na ɗayar suna fuskantar can.

Ciwon ajalin Baffa ya kama shi a ƙarshen damina, shekarar da sojojinmu suke dawowa daga babban yaƙin Turawa. Wata ranar Juma'a da safe ya sa aka ɗauko adudun. Muna zaune a gabansa, ni da Sambo da Goggo. Ya ce ba ya son bindigogin su shiga rabon gado, kyauta zai yi da su tun yana da rai. Ya ɗauki mai siririyar azurfa, ya kama hannun Sambo, ya ɗora masa.

"Ungo, Sambo. Ka riƙe da kyau."

Sannan ya tura ɗayar gaban Goggo da bayan hannu, ya juya fuska ga bango, alhali gwiwata tana taɓa bakin gadonsa.

"Ki ba wancan tasa."

Goggo ta miƙo mini. Na ji nauyinta a tafina, na ga farar azurfar nan tana ɗaukar ido, kalmar kuma ta shige ni har ƙashi. Tasa. Bai ce ki ba shi ɗayar ba, bai ce ki ba shi saura ba. Na ce a raina, babbar bindiga ga babban ɗa, Hassana ce. Na haura shekara arba'in a duniya, ran nan ne na fara jin cewa Baffa ya fifita ni a kan Sambo a wani abu. Ina gaban uba mai jinya, amma da ƙyar na danne murmushi. Bai ƙara mako ba Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar arba'in magana ta fita gari. Akwai wata inuwar tsamiya kusa da kasuwa inda dattawan unguwarmu suke zama bayan la'asar, nan gardamar ta yi gida. Ni ne na kai ta, ba zan yi muku ƙarya ba, don na fara zuwa da bindigar a cikin aljihun babbar riga, in an taɓo zancen Baffa sai in fito da ita. Wani tsohon soja ya ce shi a ganinsa ta Sambo ce ta asali, tun da ta suɗe, abin da ya ƙetare hamada dole ya nuna wahala. Wasu suka ce Baffa ba zai ba ƙarami ta gado ya bar babba ba. Wasu suka yi dariya suka ce ashe ba ku san Baffa da Sambonsa ba. Wanda ya fi tsaya mini shi ne Malam Jibo, mai karantar da yara a unguwar. Ya sa aka kawo duka biyun, ya daɗe yana duban rubutun, sannan ya ɗaga tawa sama.

"Ku duba nan. Kowane rubutun yana da babban baƙi guda, shi ne farkonsa. A ta Sambo babban baƙin yana hagu. A wannan kuwa yana dama. To, tun da aka fara rubutu a duniya daga ina yake tasowa?"

"Daga dama," in ji jama'a.

"To, magana ta ƙare. Mai kwaikwayo ne ya kuskure ya faro daga hagu."

Na dubi Sambo ina jira ya ce wani abu. Abin da nake so bai wuce kalma ɗaya ba, ya buɗi baki gaban mutane ya ce ta Hamma ce Hassana. Hamma yake ce mini, kamar yadda ƙane ke kiran wansa a gidanmu. Sai ya ɗauki tasa ya naɗe a ƙyalle, ya miƙe.

"Duk na Baffa ne, Hamma. Kowa ya riƙe abin da aka ba shi."

Wannan amsar ta fi zagi ƙona mini rai. Na ɗauka girman kai ne irin na 'yan boko, ba zai iya yarda an fi shi ba ko sau ɗaya. Rani ya shigo, ina tafiya kasuwanni ina dawowa, maganar tana cina. Sai na ji cewa Baturen da Sambo ke yi wa aiki, wanda Fulani suka sa wa suna Mai Lofe saboda lofen shan taba da ba ya barin bakinsa, mayen tsofaffin bindigogi ne. An ce bangon ɗakinsa a bariki cike yake da su, in ya je ruga kafin ya tambayi lafiyar shanu sai ya tambayi ko akwai tsohuwar bindiga, kuma an ce sau da yawa dillalai sun kai masa sabuwar ƙira da aka binne a turɓaya don ta yi tsatsa, yana kallo ɗaya yake ganewa. Na je har gidan Sambo na ce mu kai masa ya raba mana gardama.

"Hamma, don Allah ka bar maganar nan. Me za ta ƙara mana?"

"Tsoro kake ji."

"Ba tsoro ba ne."

"In ba tsoro ba ne ka gaya wa maigidanka muna zuwa. Kuma da shaidu zan zo, kada a ce ya yi maka kara don kana ɗaukar masa jaka."

Ya sunkuyar da kai ya ce to.

Muka je bariki da hantsi, ni da Sambo da Malam Jibo da tsohon sojan da wasu dattawa. Mai Lofe ya fito da tebur baranda. Yana jin Hausa, ko da yake tasa a karye take. Da ya ga bindigogin sai ya ajiye lofen, ya goge hannu a wando. Ya ɗauki ta Sambo ya shinshina bakinta, ya leƙa ciki, ya sa ɗan ƙarfe ya murɗa wata ƙusa, ta fito sumul da zare a jikinta kamar igiya. Ya ɗauki tawa ya gwada, ƙusar ta ƙi juyawa. Ya ce wannan ba murɗa ta aka yi ba, buga ta aka yi da guduma aka zana mata tsaga a ka don ta yi kama. Sai Malam Jibo ya matso ya nuna masa babban baƙin da ke dama, ya maimaita hujjarsa. Baturen bai yi dariya ba, na yaba masa a kan wannan. Ya shiga ɗaki ya fito da madubin aski, ya kara shi a gefen bindigata, ya ajiye ta Sambo kusa.

"Malam, duba cikin madubi."

Muka sunkuya duka. Rubutun tawa a cikin madubi ya zama daidai da na ta Sambo, baƙi bayan baƙi, babban yana hagu. Ya yi mana bayani a hankali. Rubutun Turawa daga hagu yake tasowa, wannan kuma sunan maƙerin ƙasarsu ne. Wanda ya yi tawa, in ji shi, ya danna kakin zuma a kan ta asali don ya ɗauki zanen, sannan ya kwafi abin da ya gani a kakin, shi kuwa kaki a juye yake ba da hoto. Da yake ba mai karanta boko a wurin, da suka ga ya faro daga dama sai hankalinsu ya kwanta. Ya ce ta Sambo ce ta ƙetaro hamada, tawa a nan ƙasar aka haife ta. Ya daɗe yana shafa zanen ƙotar, ya ce abu ɗaya ne ya ɗaure masa kai. Ya ga jabu da yawa, kuma kullum mai yin jabu da dalma yake cuta, bai taɓa ganin wanda ya zuba azurfa gangariya a kan kwaikwayo har ta fi ta asali kyau ba. Na ji maganar da kunne, amma ba ta shiga ba. Ni kalma ɗaya kawai nake ji, Usaina.

Da muka fito ƙofar bariki na tsayar da Sambo.

"Kai kana karanta boko."

"Ina karantawa."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ina makaranta, Hamma. Ranar da na fara gane baƙaƙe na gani."

Wato duk watannin nan da nake fito da bindiga a gindin tsamiya ina baza riga, ƙanena yana kallona ya san gaskiya, yana jin tausayina. Da ya yi mini dariya da ya fi mini sauƙi. Baffa ya ba shi suna, ya ba shi akushi, ya ba shi boko, ya ba shi ta Kaka, sannan ga shi har da ragowar tausayin da zai yi mini sadaka da shi. Kafin kasuwar Azare ta sake ci an sa mini suna Mai Usaina. Har yau akwai tsofaffin da in sun ga yarana sai su ce 'ya'yan Mai Usaina ne, ku kuma kuna amsawa ba ku san daga ina ya fito ba.

Goggo Dije ta koma Katagum bayan rasuwar Baffa. Na ɗaura wa doki sirdi na bi ta can, don ita ta miƙo mini abin da hannunta, ita zan mayar wa. Na same ta a tsakar gida tana yankan kuɓewa tana shanyawa a faifai. Ko gaisuwar kirki ban yi ba, na ajiye bindigar a gabanta.

"Ga kayanku, Goggo. Wanda ya rasu ya riga ya rasu, ba zan ce komai a kansa ba. Amma ke kin san jabu ce kika ba ni kina kallona."

Ba ta ɗaga kai ba sai da ta gama kuɓewar da ke hannunta.

"Wa ya ce maka Hassana aka ba ka?"

"Ya ce tawa. Ni ne babba."

"Ya ce taka, bai ce ta babba ba. Zauna, kana tsaye a kaina kamar mai karɓar jangali."

Na zauna. Ta ɗauki bindigar ta goge ta da gefen zani, ta ba ni labarin da ba a taɓa ba ni ba. Ta ce lokacin da aka yi shelar karɓar bindigogi ina kwance a tsumma, ko suna ba a yi ba. Maƙerin ya gama ƙarfe da ƙota, ya ce saura azurfa, in babu ita ko makaho ya shafa zai gane. Baffa ba shi da ita, kuma ba ya iya zuwa kasuwa nema, don kowa zai tambaya me zai yi da ita a irin wannan lokaci. Ya kwana biyu ba ya cin abinci. Inna tana ɗakin jego ta ji abin da ake ciki. Ta zare mundayenta da awarwaronta da zobbanta, duk abin da uwarta ta ba ta na aure, ta ƙulle a cikin ɗan zanen da ake goya ni da shi, ta ba Goggo ta ce a kai maƙera.

"Ni na kai da hannuna," in ji Goggo. "Ina tsaye aka narka. Da Bature ya mayar da bindigar yana dariya, ubanka ya dawo gida kamar an yi masa mutuwa, an narka kayan mace a banza. Ya ce zai sayar da saniya ya sake mata wasu. Ta ce a'a. Ita ma ai ba ta faɗin sunanka. Ta ce, a bar ta, ta yaron ce, tare suka zo. Ba ta ƙara sa komai a hannu ba har ta koma ga Allah."

Na dubi farin zanen nan mai kama da reshen kabewa, na tuna hannuwan da ke dama mini fura shiru.

"Me ya hana shi gaya mini?"

"Da wane baki? Sunanka ba ya faɗa, sunanta ba ya faɗa. Labarin kuwa daga kai sai ita. Abin da ya iya ke nan, ya ce tasa."

Na yi kuka a gaban Goggo irin wanda ban yi ranar jana'izar Baffa ba. Amma kada ku ɗauka kishin ya wanke ya tafi da hawayen. Ina kan doki a hanyar dawowa ina tuna cewa duk da haka hannun Sambo ya kama, ni kuwa da bayan hannu aka turo mini.

Ni da kaina na kai wa Sambo labarin, kuma na ji daɗin kaiwa. Na same shi a zaurensa yana gyaran keke. Na faɗa masa tiryan-tiryan, ina kallon fuskarsa. Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce in ba shi bindigata ya gani, kamar bai taɓa ganinta ba, alhali tun muna yara yake ɗaukarta. Ya sa babban yatsa yana bin zanen azurfar daga wuya har gindi, ya koma ya sake bi. Sai a lokacin na tuna abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Sambo ba shi da komai na Inna. Kayan ɗakinta danginta sun kwashe tuntuni, bai sha nononta ba, bai san muryarta ba, ranar da ya zo ita ce ranar da ta tafi.

Bayan 'yan kwanaki ya zo gidana da Hassana a naɗe cikin farin ƙyalle, ya ajiye a gabana.

"Hamma, na zo mu yi musaya. Kai ne babba, ta Kaka da kai ta dace. In kana so gobe in je gindin tsamiya in faɗa gaban kowa cewa Hassana tana gidanka, sunan nan da suka sa maka ya mutu."

Abin da na yi shekara ina nema ke nan, ga shi a kan tabarmata. Na dube ta, na dubi tawa.

"Baffa ya ce wannan ce tawa."

"Kai ka gan ta, Hamma. Ka san hannunta, ta goya ka. Ni ko wannan ban samu ba."

"Kai ka sami Baffa."

Na ga abu a idonsa da na sani sarai, don na yi shekara arba'in ina ɗauke da shi a nawa. Ƙanena, ɗan gaban goshin Baffa, mai keke da kaki, yana zaune a zaurena yana kishina. Na tura masa Hassana da bayan hannu, na ce ya ɗauki abarsa.

Mutane sun yi ta magana. Goggo ta aiko ta ce zuciyata ta yi tauri. Malam Jibo ya ce ko aron wata guda in ba shi. Ban ba shi ba. Na zaɓi in ci gaba da zama Mai Usaina, kuma na san abin da hakan ya jawo, don daga ran nan wani abu ya tsaya tsakanina da Sambo wanda gaisuwa ba ta kawar ba. Mai Lofe ya yi ta binsa ya sayar masa da Hassana, ya ƙi, amma bai ƙara fito da ita ba, tana cikin adudu tana tsatsa. Abin da yake yi shi ne, duk shekara in an gama girbi sai ya zo gidana da ɗan man shanu a ƙoƙo, ya ce ya zo gaishe da Usaina. In shimfiɗa masa tabarma a zaure, in ɗauko masa ita, ya zauna ya yi ta shafawa har a kira azahar, ni ina gefe ina kallo. In ya gama ya miƙo mini da hannu biyu. Haka muka yi har shekarar da ya rasu, kuma ko sau ɗaya bai sake roƙona ba.

To, kun ji. Ku yaran gidana, kada wanda ya ƙara gardama da 'ya'yan Sambo. Ta gidansu ce Hassana, ita ce ta Kaka, ita ta ƙetaro hamada. Tamu ƙarfenta na Katagum ne, ƙusarta ta ƙarya ce, rubutunta a juye yake, duk wanda ya ce jabu ce bai yi ƙarya ba. Ku kuma 'ya'yan Sambo, azurfar da ke jikinta ta kakarku ce kamar yadda take ta kakar nawa. Duk wanda ya zo daga cikinku yana son ganinta, ko ina raye ko ba na raye, a shimfiɗa masa tabarma, a ba shi man shanu, ya shafa iya son ransa. Amma kada ta ƙetare bakin zauren nan.